Duniyar Kwaikwayo a Ƙagaggen Labari: Wane Gini Ya Dace da Labarinka?

Duk marubucin da ya ƙudurta rubuta labarin kimiyya inda duniyar da mutane ke ciki kwamfuta ce ke kwaikwayonta, akwai tambayar da ya kamata ya amsa tun kafin ya raɗa wa jaruminsa suna: idan aka zare filogin na'urar, me zai sami mutanen da ke ciki? Amsa uku ce. Ko su farka a wani wuri da jikinsu na ainihi, ko su ɓace kamar ba a taɓa yin su ba, ko kuma su tsaya cik su jira ranar da wani zai biya kuɗin wuta. Kowace amsa tana haifar da gini nata na daban, da irin tsoronsa, da irin lissafin da yake nema, da ramin da marubuta suka saba rufzawa a ciki. Yawancin labaran da suka watse a tsakiya, abin da ya kashe su shi ne an fara da amsa ɗaya an ƙare da wata.

Shakkar kanta tsohuwa ce. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi ta a cikin Al-Munƙiz minad Dalal: ido yana ganin inuwa a tsaye alhali tana tafiya, yana ganin tauraro kamar girman dinari, mai barci kuma yana gaskata mafarkinsa har sai ya farka, to me ya tabbatar da cewa farken ma ba shi da wani farke a samansa? René Descartes ya kawo tasa a 1641 da misalin wani mayaudari mai ƙarfi da ke shirya wa mutum duk abin da yake gani. Abin da zamanin kwamfuta ya ƙara shi ne lissafi. A 2003 Nick Bostrom na Jami'ar Oxford ya wallafa maƙalar da ta ce cikin abu uku dole ɗaya ya zama gaskiya: ko al'ummomi irin tamu suna halaka kafin su iya gina irin wannan na'ura, ko suna iyawa amma ba sa damuwa su kwaikwayi kakanninsu, ko kuma kusan tabbas mu ma a ciki muke. A lura, bai ce na ukun ne ya tabbata ba, kodayake haka ake yawan yaɗawa. Marubuci ba ya buƙatar ya yarda da ko ɗaya. Abin da yake buƙata shi ne na'urar da ya gina ta riƙa bin dokar da ya shimfiɗa mata.

Gini na farko: jiki yana waje, hankali yana ciki

Wannan shi ne wanda kowa ya fi sani, saboda fim ɗin The Matrix na 1999. Mutum yana kwance a wani wuri, an jona ƙwaƙwalwarsa da na'ura, ana tura masa gani da ji da ɗanɗano. Ribarsa a fili take: akwai ƙofar fita. Da zarar akwai ƙofa, akwai mai tsaronta, akwai gudu, akwai cin amana, akwai wanda ya fita ya ga wahalar waje ya ce a mayar da shi. Labarin da ake saki babi-babi ga masu karatu a waya yana son irin wannan, domin kowane babi zai iya ƙarewa a bakin ƙofa.

Tsadarsa kuwa jiki ce. Jikin da ke kwance yana ci, yana fitsari, yana lalacewa, kuma duk wanda ya taɓa jinyar mara lafiya a asibiti zai kama ka idan ka yi sakaci. Majinyacin da ba ya motsi ana juya shi kusan duk awa 2 don kada gyambon kwanciya ya fito masa a ƙugu da dunduniya. Yana buƙatar robar abinci, da robar fitsari, da mai kula da su kada su kawo ƙwayar cuta. Naman ƙafa yana fara zubewa cikin makonni kaɗan. 'Yan sama-jannati, da ƙashinsu ba ya ɗaukar nauyi, suna asarar kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfin ƙashin ƙugu a kowane wata. Saboda haka jarumin da ya shekara 20 a kwance ba zai tashi ya yi dambe ba. Sai an koya masa zama, sannan tsayuwa, sannan haɗiyar abinci. Wannan ba cikas ba ne, babi guda ne mai kyau da mutane da yawa ke tsallakewa. Kuma yana tilasta maka ka ƙirƙiro ma'aikata: wa ke wanke jikunan, wa ke biyansu, me suka sani? Sau da yawa mai shara a ɗakin jikunan ya fi jarumin dacewa da riƙe labarin.

Sai jonin kansa. Jijiyar gani ta kowane ido tana ɗauke da zaruruwa fiye da miliyan 1. Faifan alluran lantarki da aka daɗe ana dasawa a ƙwaƙwalwa wajen bincike, wanda ake kira na Utah, allura 100 ke gare shi a kan fili mai faɗin milimita 4. Na kamfanin Neuralink, wanda aka fara dasa wa mutum a Janairun 2024, yana da bakin waya 1,024 a jikin zare 64. Tazarar da ke tsakanin dubu da miliyoyi ita ce za ta gaya maka shekarar da za ka ajiye labarinka. Idan nan da shekara 10 ne, to duniyar ciki ta zama mai hazo, ba ƙamshi, ba cikakken taɓi, kuma kowa ya san ta ƙarya ce. Akwai kuma jinkiri: masu ƙera gilashin duniyar kwaikwayo suna ƙoƙarin kada lokacin da ke tsakanin juya kai da canjin hoto ya wuce kashi 20 cikin 1,000 na daƙiƙa, suna nuna hoto kamar 90 a daƙiƙa ɗaya, domin idan ido da ma'aunin daidaito na cikin kunne suka saɓa, jiri da tashin zuciya ke biyo baya. Ga wata alama nan kyauta da za ta tona asirin na'urar: garin da kowa ke fama da hajijiya duk lokacin da jama'a suka taru da yawa, a kasuwa ko filin idi, saboda na'ura ta gaza.

Babban ramin wannan ginin shi ne dalili. Don me wani zai ɗauki wahalar ciyar da dubban jikuna yana yaudararsu? Dalilin da fim ɗin can ya bayar, wai ana tatsar lantarki daga jikin mutane, ba ya tsayuwa. Mutumin da ke cin kalori 2,000 a yini, zafin da yake fitarwa kusan wat 100 ne, ƙwan fitila ɗaya na da, kuma duk daga abincin da ka ba shi ya fito. Da ka ƙona abincin kai tsaye da ka fi samun riba. Fim ya sha da wannan saboda gudu da faɗa sun ɗauke hankalin mai kallo. Rubutu ba ya sha, mai karatu yana da lokacin tsayawa ya yi tunani. Dalilan da suka fi ƙarko ƙanana ne: kurkuku mai araha, jirgin da zai shekara 80 a hanya ana so fasinjoji kada su haukace, asibitin da ke ɗebe wa masu doguwar suma kewa, makarantar horar da soja. Ƙaramin dalili yana ba da ƙaramin adadi, mutum 40 ko 300, kuma wannan ya fi sauƙin riƙewa.

Gini na biyu: babu jiki ko kaɗan

A nan mutanen ciki manhaja ne tun asali, ba su da inda za su farka. Littafin Simulacron-3 na Daniel Galouye, 1964, shi ne tsohon misali: an gina garin ƙarya don a riƙa gwada ra'ayin masu saye ba tare da bin gida-gida ana tambaya ba, sai mai kula da aikin ya gano cewa tasa duniyar ma haka take. Daga littafin aka yi fim a talabijin ɗin Jamus a 1973, aka sake yin The Thirteenth Floor a 1999. Dubi dalilin da aka zaɓa: ba mugunta ba, talla. Wannan ƙanƙancin dalili shi ne dafin labarin, a ce duk haihuwa da aure da makokin da ka sani an shirya su ne don a gane wane sabulu zai fi shiga kasuwa.

Wannan gini ba ya cin kayan aiki. Babu ɗakin jikuna, babu wayoyi a ƙeya. Mai son ya mayar da shi fim da ƙaramin jari zai iya ɗaukarsa a unguwarsu yadda take. Amma abin da ya rage maka a kaya, zai karɓe shi a tunani, domin jarumi ba shi da inda zai gudu, kuma duk labarin ya rataya ne a kan yadda ya gane.

To, ta yaya zai gane? Nan ne sanin yadda kwamfuta ke yin tsimi yake amfani. A lissafin da Bostrom ya kawo, ƙwaƙwalwa ɗaya za ta ci tsakanin lissafi tiriliyan 100 da tiriliyan 100,000 a daƙiƙa. Ɗauki tiriliyan 10,000 a matsayin tsaka-tsaki. Kwamfutar Frontier ta Amurka, wadda a 2022 ta zama ta farko da aka tabbatar ta haura lissafi tiriliyan miliyan 1 a daƙiƙa, za ta riƙe mutum 100 ke nan, kuma tana shan wuta kusan megawat 21. Madatsar Kainji da aka gina ta a kan megawat 760, ko da duk injinanta na aiki, mutum kamar 3,600 za ta iya raya wa tunani, ban da ƙasa da iska da tsuntsaye. Ƙwaƙwalwa ta ainihi kuwa, mai ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, wat 20 kacal take sha. Duk wanda ya gina irin wannan duniya dole ya yi rowa, kuma sawun rowar ne jaruminka zai bi.

Masu haɗa wasannin bidiyo sun riga sun nuna yadda ake rowar. Ba sa zana abin da ɗan wasa ba ya kallo. Abin da ke nesa suna ba shi siffa mara ƙawa, sai an matso a ƙara masa. A wasan Minecraft ƙasa tana zuwa ne yanki-yanki, tubali 16 sau 16, kuma yankin da babu kowa kusa da shi lokaci ba ya tafiya a cikinsa: shuka ba ta girma. Sauya wannan zuwa labari. Manomi ya lura gonarsa ta can nesa ba ta yin ciyawa sai makon da ya je. Direban babbar mota ya lura garuruwan da yake ratsawa da dare fuskokin masu shayinsu guda 5 ne ake maimaitawa. Akwai kuma kuskuren cikar ma'aji: wasan Pac-Man yana rikicewa a mataki na 256 saboda gurbin da ke ƙirga matakai ba ya ɗaukar abin da ya wuce 255, rabin allon ya koma tarkacen haruffa. Tsofaffin kwamfutoci da ke ƙirga lokaci da daƙiƙa tun daga 1970 za su cika ranar 19 ga Janairu, 2038. Ka ba garinka irin wannan iyaka: magatakardan da ke rubuta haihuwa ya ga yawan mutanen garin bai taɓa wuce 65,535 ba, duk ranar da aka haifi jariri sai an yi rasuwa. Wannan adadi shi ne ƙarshen abin da gurbin ƙirga na kwamfuta mai ɗigo (bit) 16 ke ɗauka, kuma mai karatun da ya san kwamfuta zai ji tsikar jikinsa ta tashi tun kafin magatakardan ya fahimta.

Ƙa'idar alama ita ce ta zama abar aunawa, a maimaita ta, a samu sakamako ɗaya. Jin cewa "kamar na taɓa ganin wannan" ba hujja ba ce, kowa yana ji. Kuma a nan akwai haɗarin da ya shafi masu karatunmu musamman: duk abin al'ajabin da ba shi da ƙa'ida, nan take za a ce aikin aljanu ne ko sammu, kuma da gaskiyarsu, don labaran da suka saba da su haka suke tafiya. Idan kana so a karanta naka a matsayin labarin kimiyya, sai jarumi ya riƙe littafin ƙirga. Ya fi kyau ma ka bar mutanen gari su kai shi wurin mai ruƙiyya, shi kuwa yana ta nuna musu lissafinsa.

Rami na biyu ya fi zurfi: me zai hana masu na'ura su goge abin da ya gano? Suna iya dakatar da duniya, su koma ajiyar jiya, su gyara masa tunani. Idan ba ka toshe wannan ƙofa ba, babu labari. Hanyoyin toshewa da ke aiki su ne: masu aikin ba sa kallo, garuruwa 1,000 suke gudanarwa, taƙaitaccen rahoto kawai suke dubawa, ko komawa baya zai ɓata gwajin da aka kashe wa kuɗi, ko kuma an yi watsi da aikin, na'urar tana ta gudu a wani ɗaki da aka manta. Zaɓi ɗaya, ka bayyana shi kafin kashi ɗaya cikin uku na labarin ya wuce.

Batun aƙida ma a nan ya fi fitowa, kuma kauce masa ba dabara ba ce. Mafita mai tsabta ita ce masu na'urar su zama bayi irin kowa: ma'aikata masu jiran albashi, masu kuskure, masu mutuwa, waɗanda su ma ba su san abin da ke samansu ba. Da zarar ka ba su siffar masu iko da komai, labarin ya bar hannunka ya koma muhawarar da ba ita ka zo yi ba.

Gini na uku: an kwafi mutum, kuma ya sani

A nan babu asiri. Mutum ne ya biya aka kwafi ƙwaƙwalwarsa, kwafin yana rayuwa a na'ura, yana waya da iyalinsa. Greg Egan ya yi wannan a Permutation City, 1994, ya kuma sa dokar da ta riƙe littafin: kwafi yana tafiya sau 17 ƙasa da saurin duniya, wanda kuɗinsa ya gaza kuma ya fi haka nawa. Talauci ya zama jinkiri.

Wannan gini ba ya ba da mamaki, yana ba da shari'a. Ɗauki ma'aunin nan na 17. Attajiri ya rasu, kwafinsa yana nan. Takabar matarsa, wata 4 da kwana 10, a wurinsa ba ta cika kwana 8 ba. Kafin ya gama mako biyu an raba gado, wataƙila an ɗaura mata wani aure. Wa zai ci gaba da biyan kuɗin na'urar, daga kason wa? Idan ya ce akwai bashin da yake bin wani, shaidarsa karɓaɓɓiya ce? Idan ɗan'uwansa ya kunna kwafi na biyu daga tsohuwar ajiya, wanda bai san an yi saɓani ba, wanne 'ya'ya za su gaisar? Marubucin da ya ƙware a labarin gida, kishiyoyi da magada da surukai, ya riga ya mallaki kashi mafi wuya. Na'urar ƙari ce kawai. Sharaɗin shi ne ya san hukuncin gado da idda da kyau, ko ya zauna da wanda ya sani, domin kuskure ɗaya a rabon tumuni zai zubar da amincin littafin fiye da kuskure goma a kan kwamfuta.

Ɓangaren fasaha gajere ne amma kada a raina shi. Tsutsar da masana suka fara zana taswirar jijiyoyinta gaba ɗaya, ƙwayoyin jijiya 302 gare ta, kuma har yanzu ba a gama kwaikwayon halinta a kwamfuta ba. A 2024 aka kammala taswirar ƙwaƙwalwar ƙudan 'ya'yan itace, ƙwayoyi kusan 140,000. A shekarar kuma masu bincike na Harvard da Google suka fitar da taswirar ɗan yanki na ƙwaƙwalwar mutum, mai girma daidai da ɗan dunƙule mai milimita 1 ta kowace fuska, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba. Hotunansa sun ci terabait 1,400. Kuma ana yin aikin ne ta hanyar yanka naman siriri-siriri. Ma'ana, da dabarar da ake da ita, kwafi ba ya samuwa sai an lalata asali. Riƙe wannan a labarinka ya fi a sassauta shi: sa hannu a takardar kwafi ya zama hukuncin da ba a dawowa daga gare shi.

Wanne za ka ɗauka

Tsawo ne ya kamata ya fara yanke hukunci. Gajeren labari na kalma 1,500 zuwa 3,000 ba shi da filin gina duniya biyu, don haka na biyu ne nasa: mutum ɗaya, alama ɗaya, gwaji uku, sannan abin da ya yanke zai yi da sanin. Dogon labari mai babi 40 yana buƙatar wurin zuwa da dawowa, wannan aikin na farko ne, in dai ka yarda za ka yi hidimar jikunan. Na uku shi ne muka fi ganin an bari a banza, kuma shi ya fi dacewa da wanda ƙarfinsa yana wajen zance da rikicin dangi, ba wajen faɗa ba. Wanda bai taɓa rubuta labarin kimiyya ba, da ya fara da shi, domin mai karatu yana shiga ta ƙofar da ya sani.

Haɗa biyu yana yiwuwa, amma da tsari. Na farko da na biyu suna zama tare idan baƙi masu jiki suna shiga garin da 'yan asalinsa manhaja ne. A nan sai ka fayyace tun wuri wa ke mutuwa da gaske idan an harbe shi. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ɗan manhaja ya farka a waje haka kawai. Sai ka nemo masa jiki, kuma jikin na wani ne, wanda sai an fitar da mai shi. Hawa-hawa kuma, wato duniyar kwaikwayo a cikin wata duniyar kwaikwayo, kada ya wuce biyu. Daga hawa na uku mai karatu ya daina damuwa da kowa, don ya san kowace mutuwa za a iya ce masa ba ta faru ba, wanda bai da maraba da tsohon "ashe mafarki ne".

Kafin babi na farko, cika shafi ɗaya da amsoshin nan ka manna shi inda kake rubutu: mutum nawa ne masu cikakken hankali a ciki, nawa ne 'yan cike gurbi, awa ɗaya a ciki awa nawa ce a waje, wa ke biyan wuta kuma yaushe kuɗin zai ƙare, ana ajiyar baya ko ba a yi, in ana yi duk kwana nawa, me ke iya ƙetarawa tsakanin ciki da waje, saƙo ko tunani ko ciwo. Ma'aunin lokaci ne ya fi saurin kuɓucewa. Buɗe jadawali mai layi biyu, kwanan ciki da kwanan waje, ka rubuta kowane babi a kansa. Idan a babi na 6 ka ce kwana ɗaya a ciki kwana 17 ne a waje, to jaririyar da aka haifa a waje a babin nan, zuwa lokacin da mahaifinta ya cika shekara guda a na'ura, ta kai 17 ana maganar aurenta.